Igiyar Farfesa

Farfesa bai taɓa tsayawa gaban allo ya koyar da kowa ba. Aikinsa tsaron sito ne a wani kamfanin katifa. Sunan ya liƙe masa ne tun ranar da ya zo majalisar masu babura da ɗan littafin nan da ake bayarwa tare da sabon babur, wanda kowa ke jefarwa da kwalinsa, shi kuwa ya zauna ya haddace shi har da lambar shafi. Daga ranar ba wanda ya ƙara fara maganar wayoyin babur a gabansa ya kai ƙarshenta.

Su tara ne a majalisar, kuma kowace Asabar da hantsi suke haɗuwa a ƙofar shagon Mai Wayarin. Shagon ɗan tsukuku ne, matattun batura jere a gindin bango, wayoyi launi-launi rataye a ƙusoshi, ga benci biyu a waje, ɗaya an tallafe ƙafarsa da tsohon fistin. Mai shagon mutum ne mara yawan magana, shekara ashirin yana bin wuta a jikin babura da ɗan ƙwan gwajinsa mai waya biyu. A ƙofarsa ake zama, a inuwarsa ake shan iska, amma idan aka zo batun wuta, Farfesa ne ke bayani, shi kuma ya ci gaba da feƙe waya kamar ba a sana'arsa ake magana ba.

Sau ɗaya a wata suna fita doguwar tafiya, kuma tafiyar tana da dokoki, duk Farfesa ne ya tsara su. Shi ne a gaba, wannan ba a ma tattaunawa. Babbar dokar kuwa ita ce ta igiya. Akwai wata igiya rawaya mai tsawon yadi goma da ake jan babur ɗin da ya mutu a hanya. Duk wanda aka ja da ita, ta zama tasa: zai naɗe ta a bayan babur ɗinsa inda kowa zai gani, ya koma ƙarshen layi, har ranar da Allah ya kawo wani. Wata goma sha huɗu ke nan igiyar tana bayan Mai Wayarin, tun ranar da sarƙar babur ɗinsa ta tsinke a kan tudu. Farfesa bai taɓa barin Asabar ta wuce bai tambaye shi lafiyar igiyar ba.

A Asabar ɗin da ta rage kwana takwas a fita, Farfesa ya iso da sabuwar fitila a kan madubi. Ita ce ta goma sha ɗaya. Ban da fitilu, akwai rediyo da lasifika biyu, da wajen cajin waya, da hon mai murya uku, kowanne da nasa maɓallin, har kan babur ɗin ya cika babu wajen ɗora hannu.

Mai Wayarin ya ɗaga kai ya dubi fitilar. "Yallaɓai, cajar batir da na sa maka makon jiya tana da iyaka fa. Kayan nan sun yi wa batir..."

"Shafi na talatin da biyu," in ji Farfesa. "Je ka karanta. Matsalarku ku masu koyo da ido ke nan, kun san hannu, ba ku san dalili ba."

"To."

Mai askin unguwa, wanda ake kira Harsashi, ya kwashe da dariya. Shi ba ruwansa da waya, gudu ne addininsa. Ya cire wa babur ɗinsa madubi da kariya, har murfin sarƙa, wai nauyi ne, alhali shi kansa da ƙyar yake ɗaure maɓallin rigarsa.

"Farfesa, wannan ai ba babur ba ne, shagon fitila ne," ya ce. "Ranar Lahadi daga wajen mai shayi zuwa gada, kilomita uku. In ka riga ni, in yi maka aski kyauta har ka daina tsirar gashi."

"Saura kaɗan ai," in ji Tela, wani ɗan majalisar, yana duban sanƙon Farfesa.

Farfesa ya gyara zaman tabarau, ya yi musu lacca a kan tsere ta kusan rabin awa. Ya ce gudu ba a totur yake ba, a tartsatsin fulogi yake, wanda wutarsa ta fi tsabta shi ke gaba. Ya karɓi tseren a gaban shaidu.

Ranar Alhamis da yamma wata dabara ta faɗo masa. An sace babur ɗin maƙwabcinsa a kasuwa, sai ya yanke shawarar yi wa nasa ɓoyayyen makunni, wanda in an danna shi wuta ta yanke gaba ɗaya, ɓarawo ya buga kiki har ƙafarsa ta kumbura. Bai kai wa Mai Wayarin ba, don a ganinsa sirrin da mutum biyu suka sani ya tashi daga sirri. A tsakar gida ya yi aikin, matarsa tana riƙe masa da sirdi. Ya cusa makunnin a ƙarƙashin gefen hagu, daidai inda cinya ke sauka, ya shafe shi da baƙin fenti.

"Kin ga wannan? Ko da wasa kada ɓarawo ya ji labarinsa."

"Ni ina zan ga ɓarawo, Baban yara? Ka yi sauri, hannuna ya sage."

Gaskiya aikin ya yi kyau, wannan kam ba za a hana shi ba. Ya danna, komai ya mutu. Ya sake dannawa, komai ya dawo. Ya kwana yana jin daɗin kansa.

Lahadi da safe suka kama hanya, Farfesa a gaba, rediyo na tashi, fitilu goma sha ɗaya a kunne da rana tsaka. Wannan wuri na gaba shi ne abin da ya fi so a duniya. A sito kowa yana aikensa, har direbobi suna masa tsawa in lodi ya yi jinkiri. A nan kuwa in ya ɗaga hannun hagu, babura takwas ne ke rage gudu. Can ƙarshen layi Mai Wayarin yana tafe, igiya naɗe a bayansa.

Bayan kilomita arba'in suka tsaya a rumfar mai shayi da ke bakin kwalta. Akwai wasu baƙin fuskoki zaune a kan benci, Farfesa ya dube su sama da ƙasa bai yarda da su ba. Yana sauka ya zura yatsa ƙarƙashin sirdi ya danna makunninsa, bakinsa kuma yana can yana gardama da Harsashi a kan ko iskar taya tana ƙara gudu. Hannun ya yi aikinsa, kan bai sani ba. Mutanen da ya zarga kuwa shayinsu suka shanye suka hau motar haya suka tafi.

Aka sha shayi, aka ja babura biyu zuwa bakin kwalta. Tela ya tsaya a gaba da hankici a sama. Masu sayar da kaya a gefen hanya suka matso, har mai shayin ya bar tukunyarsa. Harsashi ya tayar da nasa, salansa na ƙara kamar za ta tsage. Farfesa ya sa safar hannu a nitse, yatsa bayan yatsa, ya murɗa makulli, ya danna sitata.

Shiru. Ko ɗan jan ƙwan nan na gaban mita bai kawo ba.

Ya sake murɗawa, ya sake dannawa. Ya buga kiki sau goma sha biyu, hular kwano tana zamowa kan tabarau. Tela ya gaji ya sauke hannu. Harsashi ya kashe nasa injin don ya ji daɗin kallo sosai.

"Farfesa, ko tartsatsin ne ya yi tsabta da yawa?"

Dariyar da aka yi ta shiga Farfesa har ƙashi. Mutum irinsa in kunya ta kama shi ba ya neman dalili, mai laifi yake nema, kuma mai laifin yana nan tsaye a baya da kofin shayi a hannu.

"Ga shi nan," ya ce, yana nuna Mai Wayarin. "Cajar da ka sa mini. Tun ranar na ji jikina bai ba ni ba. Jabu ka sa mini, ko kuma ka juya wayoyin, ta cinye batir, ta ƙone layin gaba ɗaya. Ku da kuke kai masa baburanku, ku buɗe ido. Shekara ashirin mutum yana lalube, in ya dace a ce gwani ne."

Mai Wayarin ya ajiye kofin. "Bari in duba, Yallaɓai."

"Ka duba me? Ɓarnar da ka yi ba ta isa ba?"

Farfesa ya fito da jakar kayan aikinsa, wadda filaya da sukudireban cikinta har yanzu suna ƙyallin kanti. Ya cire murfin gefe, ya ciro fis ya ɗaga shi sama, fis lafiya lau, ya ce ai irin wannan lafiyar ita ce mafi haɗari. Ya warware salatif ɗin da ya ɗaure wayoyi, suka zubo kamar hanjin kaza. Ya yanke ja ya haɗa da ruwan ƙasa, ya yanke kore don ya tsallake cajar, yana yi yana kiran lambar shafi. Rana ta take. Bayan minti arba'in wayoyi shida ne a yanke, gumi ya jiƙa masa riga, babur kuwa ko tari bai yi ba. Ya kunna kowane maɓalli da ke kan babur ɗin, ya bar su a kunne, ko ɗaya zai tausaya masa.

Daga ƙarshe ya jefar da filaya ya miƙe. "Zo ka kwashe kashinka da hannunka. Ni ba zan ƙara taɓa aikin wani ba."

Mai Wayarin ya matso. Ya tsuguna a gefen hagu, ya fito da ƙwan gwajinsa. Ya mayar da ja wajen ja, kore wajen kore, ya naɗe kowacce da salatif, bai tambayi kowa shafi ba. Sannan ya ɗora waya ɗaya a kan batir, ƙwan ya kawo haske tar. Batir dai lafiyarsa ƙalau. Ya ci gaba da bin wutar taƙi bayan taƙi, ƙwan yana kawowa, har hannunsa ya shige ƙarƙashin gefen sirdi, ya tsaya.

A daidai wannan lokacin Farfesa ya tuna. Ya tuna baƙin fuskokin, ya tuna yatsansa, har ƙarar dannawar ya ji a kunnensa. Da ƙasa za ta buɗe a wajen, da ya shige ya ja ta ya rufe.

Mai Wayarin ya ɗago ya dube shi. Babu fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi fushi ciwo.

"Yallaɓai, wuta tana zuwa har nan, daga nan ta tsaya. Akwai abin da ka ƙara a ƙarƙashin sirdin nan?"

Tambayar ƙofa ce aka buɗe masa. Da ya ce e, da an yi dariyar kwana biyu, ya ba da haƙuri, a buga tsere a tafi. Amma mutum bakwai suna tsaye suna jiran amsa, ga mai shayi, ga masu talla, kuma duk sun ji abin da ya faɗa minti arba'in da suka wuce. Farfesa ya auna igiya da wannan e ɗin, ya ga igiya ta fi sauƙin ɗauka. Wanda aka ja, babur ɗinsa ne ya mutu. Wanda ya manta makunnin da ya haɗa da hannunsa, shi ne ya mutu.

"Ni? Me zan ƙara? Yadda ka bar shi haka yake."

"Ka tabbata?"

"Ina maka ƙarya ne?"

Mai Wayarin ya zare hannunsa a hankali, ya mayar da murfi, ya ɗaure ƙusoshi, ya goge yatsu a wando.

"To ya fi ƙarfina," ya ce. "A kwance igiya."

Tela ya girgiza kai, ya ce wa na kusa da shi, da muryar da kowa ya ji, shi kam gobe wani wajen zai kai nasa a duba masa sigina. Farfesa ya ji maganar, ya ji sanyi a ransa, sannan ya ji kunyar wannan sanyin.

Ya so ya faki ido ya kai hannu wajen, sai dai tun da aka yi tambayar idon kowa yana kan gefen sirdin nan. Ya ce a ransa in an hau hanya zai danna, ya ce waya ce ta motsa da girgiza. Ya manta da dokarsa ta biyu. Shi ne ya koya musu cewa ba a ƙulla igiya a babur ɗin da ake ja: a zagaya ta sau ɗaya a kan, a danne bakinta da hannun hagu, don a iya saki in hatsari ya taso, hannun dama kuma kada ya bar birki. Dokar gaskiya ce, shi ya sa Mai Wayarin ya bi ta sau da ƙafa, ya damƙa masa bakin igiyar a tafin hagu ya rufe masa yatsu a kai.

Haka suka juyo gida, tafiya ta watse, tsere ya watse. Kilomita arba'in Farfesa yana zaune a kan makunnin, yana jin tudunsa a ƙarƙashin cinya, babu hannun da zai kai. Harsashi ya jero da shi ta hagu, yana tambayarsa ko a rage gudu, kada iska ta ɗauke masa ilimi. Mai Wayarin yana gaba, karo na farko a wata goma sha huɗu, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, in ya ɗaga hannun hagu kowa ya rage gudu. Da suka shigo gari bai bi ta bayan layi ba. Ya bi ta gaban kasuwa, ya bi ta ƙofar kamfanin katifa, inda maigadi ya miƙe tsaye ya sara wa Farfesa har suka wuce.

La'asar ta yi lokacin da suka tsaya a ƙofar gidansa. Hannunsa na hagu ya ƙage, sai da ya buɗe yatsun da ɗaya hannun. Duk da haka ya fara shirya jawabin da zai yi ranar Asabar a kan jabun kaya da masu gyaran lalube. Igiya ta wata biyu ce ko uku, Harsashi ba zai daɗe bai fasa inji ba. Sunansa dai ya tsira.

Ƙarar babura ta fito da matarsa, da kumfar wanki a hannu. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi igiyar, ta dubi mijinta.

"Lafiya, Baban yara? Faɗuwa kuka yi?"

"Wuta ce ta ɗauke. Shiga ciki, ba abin da za ki gane ba ne."

"Wuta? Ba dai ɗan makunnin nan naka na ɓarayi ba?"

Kafin ya haɗiye yawu ta goge hannu a zani, ta sunkuya, ta zura yatsa daidai inda ta ga an sa shi ranar Alhamis. Ƙas.

Fitilu goma sha ɗaya suka kawo lokaci guda. Sigina ta hagu ta shiga ƙiftawa. Rediyo ya ɓarke da muryar wani mutum yana tallar maganin ciwon baya, lasifika biyu a ƙure, har kajin maƙwabta suka watse. Harsashi ya miƙa hannu ya taɓa sitata da ɗan yatsa, injin ya tashi a bugun farko, lafiyayye, ba ko gargada.

Ba wanda ya yi dariya da farko. Matar ta dubi fuskokinsu, ta ga ta taɓo wani abu.

"Ai cewa ka yi kada ɓarawo ya ji," ta ce. "Akwai ɓarawo a nan ne?"

Sai Harsashi ya zauna a bakin kwata ya riƙe ciki. Tela ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Farfesa ya shiga danne-danne yana neman kashe rediyon, ya taɓa wannan hon ya yi kuka, ya taɓa wancan fitilar madubi ta mutu, mai maganin ciwon baya yana ta zuba. Da ya rasa yadda zai yi, ya sunkuya a gaban kowa, ya zura hannu ƙarƙashin sirdi ya danna. Komai ya yi tsit.

Mai Wayarin ya kwance igiyar daga nasa babur ɗin. Ya naɗe ta a gwiwar hannu, zagaye bayan zagaye, ba gaggawa, ya ɗaure ta tsaf a bayan na Farfesa, ya ja ƙullin ya ga ya kama. Tela ya matso yana sosa ƙeya, ya tambaye shi ƙarfe nawa zai buɗe shago gobe.

"Takwas," ya ce. Sannan ya juya wajen Farfesa. "Yallaɓai, makunnin ya yi kyau, wanda ya haɗa shi ya iya. Sai dai wayar da aka sa ta yi siriri, kayan da ke kanta sun yi yawa, wata rana za ta yi zafi ta narke a ƙarƙashinka. A canza ta da mai kauri, a sa mata fis nata daban."

Ya ɗan dakata, kamar mai jiran a ba shi lambar shafi. Farfesa yana tsaye yana murza hannunsa na hagu, inda igiyar ta bar masa jan layi a tafi.